Babi na Bakwai: Sandar Fatsa a Ruwayen Dandi

Karkarar Bana tana cikin gundumar Gaya, a jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, a kusurwar nan ta kudu inda ƙasar ta matse tsakanin Benin da Nijeriya, kuma ko da yake ba a bakin kogin Kwara take zaune ba, rayuwar mutanenta tana ɗaure da ruwa ta fuska biyu. Fuska ta farko ita ce kogin kansa, wanda a Nijar aka fi sani da Isa, wanda ke ratsa ƙasar tsawon kimanin kilomita 550 kafin ya wuce Gaya ya faɗa jihar Kebbi. Ta biyun kuwa ita ce dallol, wato tsohon kwarin kogi da ya daina gudana tun zamani mai nisa, amma ruwansa bai yi nisa da doron ƙasa ba, ta yadda da damina yakan cika da tafkuna da fadamu. Dallol Mauri da Dallol Foga, wanda ya yi suna da gishirin da ake dafawa a cikinsa, a wannan yanki suke gangarowa kogi, kuma a 2004 aka shigar da Dallol Mauri cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla domin kare wuraren ruwa. Ruwan saman da ke sauka a nan, kusan milimita 800 a shekara, ya fi na sauran sassan Nijar, abin da ya sa dazuzzukan giginya suka samu wurin zama.

A wajen masunta na gado, irin su Sarkawa da Kabawa, fatsa ba ita ce sana'a ba. Mai neman kifin sayarwa yana aiki ne da taru, da birgi wanda ake wurgawa ya buɗe a kan ruwa, da gura wadda ake ajiyewa kifi ya shiga ya kasa fita, da kuma mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ɗaruruwan ƙugiyoyi da ake shimfiɗawa a bar ta ta kwana. Hatta a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016, homa da gora ne makaman gasa, kuma da su ne aka sha fito da giwan ruwa mai nauyin fiye da kilo 70. Sanda da zare da ƙugiya guda, a idon waɗannan gwanaye, kayan yara ne da na manomin da ke neman na miya bayan ya taso daga gona. Wannan raini yana da dalilinsa ta fuskar yawan kamu, sai dai ya sa ba a cika tsayawa a duba fasahar da ke cikin sandar ba, alhali akwai ruwayen da babu makamin da ke aiki a cikinsu kamar ita. Tafkin da bado da kainuwa suka rufe, da gefen fadamar da burgu ya cika, da gindin ƙaidaji mai ƙaya inda raga ba ta shiga ta fito lafiya, duk wurare ne da ƙugiya ɗaya tak, wadda aka sauke daidai cikin ɗan buɗin da ke tsakanin ganye, ta fi taru amfani, kuma yawancin ruwayen dallol irin waɗannan ne.

Saboda haka zaɓen sanda daga ruwa yake farawa, ba daga kasuwa ba. Kogin Kwara a Gaya yana cika sau biyu a shekara: cikar farko ta watannin Agusta da Satumba daga ruwan saman yankin take zuwa, ja ce mai laka, ta biyun kuwa, wadda ake kira baƙin ruwa, ta taso ne daga tsaunukan Gini, ta daɗe tana ratsa babbar fadamar tsakiyar Mali inda lakarta ke kwantawa, sannan ta iso tsakanin Disamba da Fabrairu a tace. A cikin jan ruwa kifi ba ya gani sosai, kuma masu cin ƙugiya a lokacin galibi tarwaɗa ce da ƙurungu da ragon ruwa, waɗanda ke bin wari da taɓawar gashin bakinsu a ƙasan ruwa, don haka zare mai kauri ba ya korar su. A cikin tataccen ruwa kuwa, karfasa tana ganin zare mai kauri ta kauce masa, kuma cinta na sanɗa ne, tana ɗan taɓa koto ta saki kafin ta haɗiye. Sandar da ta dace da tarwaɗar dare, mai ƙarfin gindi wadda za ta fizgo kifi daga cikin ciyawa kafin ya nannaɗe zare, ita ce kuma za ta sa mai ita ya yini yana ciyar da karfasa tana ba tare da ya san ana ci ba. Akwai ma kifin da neman sa da fatsa ɓata lokaci ne, kamar bargi, wanda ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya ci, bai cika kula koto ba.

Itacen sanda

Itacen da ya fi kowane dacewa a cikin abin da ƙasar ke bayarwa shi ne gora, wato karan nan mai gaɓa-gaɓa da ke tsirowa a gefen rafukan yankin Sudan, wanda ya fi yawa idan aka nausa kudu cikin Benin. Gorar wannan yanki tana da kaurin jiki, wani lokaci ma cikinta a cike yake ba rami, abin da ke ba ta ƙarfi amma ya ƙara mata nauyi. Wadda ta kai shekara uku a tsaye ita ce ta nuna, domin ɗanya tana yanƙwanewa idan ta bushe, kuma da rani ya kamata a sare ta, lokacin da ruwan jikinta ya ragu, saboda zaƙin da ke cikin ɗanyar gora shi ke jawo ƙwarin da ke huda ta su mayar da ita gari. A inuwa ake shanya ta, a rataye ko a kwance a kan shimfiɗaɗɗen wuri, tsawon makonni, domin rana mai zafi tana tsaga ta. Inda ta karkace, sai a gasa wurin sama-sama a kan garwashi har ya yi laushi, a miƙe shi da hannu, a riƙe har ya huce, daga nan a shafe ta da man kaɗanya don kada ruwa ya riƙa shiga yana fita. Gaɓoɓin kuwa ana goge kaifinsu ne kawai, ba a fere su, saboda a nan ƙarfin sandar yake, kuma mafi yawan sandunan da ke karyewa a hannun yara an kashe su ne tun ranar da aka fere su da wuƙa don su yi kyan gani.

Gwangwala, wato ƙashin ganyen tukurwa, ta fi gora rashin nauyi nesa ba kusa ba, ga ta da tsawo, amma cikinta taushi gare shi kuma ba ta jure lanƙwasa mai tsanani, don haka ta ƙananan kifi ce irin su kawara da 'yan karfasa. Reshen geza da na dargaza suna lanƙwasuwa ba su karye ba, sai dai ba sa yin tsawo a miƙe. Daga waɗannan halaye ne dabarar haɗa sanda biyu ta samo asali, inda ake yin gindi da gora, a yi kai da siririn reshe mai tsawon kamu biyu ko uku, a fere bakunan biyu a karkace su kwanta a kan juna, a naɗe mahaɗar da zare sosai. Ba dabarar talauci ba ce kamar yadda ake zato, domin masu fatsa na Ingila sun shafe ƙarnoni suna haɗa gindi da kai daga itatuwa daban-daban, kafin a ƙarni na 19 maƙeran sanda a Amurka su ƙware wajen tsaga gora gida shida su manne ta, aikin da daga baya ya dogara kan wata gora ta musamman da ake kawowa daga lardin Guangdong na ƙasar Sin. Amfanin haɗin shi ne kan sanda, wanda shi ne ke karyewa, ana iya sauya shi cikin ɗan lokaci ba tare da an yi asarar gindin da aka wahala wajen gyarawa ba.

Abin da hannu ke ji da abin da ido ke gani

Abin da masu sayar da sandunan zamani suka fi tallatawa shi ne saurin ji, wato yadda sanda ke isar da motsin bakin kifi zuwa tafin hannu. Ka'idar a bayyane take: abu mai tauri kuma marar nauyi ya fi abu mai laushi da nauyi isar da girgiza, shi ya sa sandar zaren gilashi, wadda ta bayyana a ƙarshen shekarun 1940, ta sha kaye a wannan fage a hannun ta zaren kabon da ta fito a farkon shekarun 1970. Sai dai wannan magana rabin gaskiya ce, domin kafin motsi ya kai ga sanda sai ya bi ta zare, kuma zaren nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1930 kuma ya kori zaren rama da na auduga daga hannun masuntan Afirka ta Yamma a shekarun 1950 da 1960, yana miƙewa ƙwarai idan aka ja shi, har fiye da kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa kafin ya tsinke. Idan zare ya yi tsawo, ko ya saki ya yi ciki a kan ruwa, ko iska tana kaɗa shi, to motsin karfasa ya mutu a hanya, komai tsadar sandar da ke ɗaya ƙarshen. Mai fatsar tafki, wanda zarensa bai wuce tsawon sandarsa ba, ya riga ya kauce wa wannan matsala ba tare da ya biya ko dala ba.

A irin wannan fatsa, ido ne ke yin aikin da ake jingina wa hannu, kuma abin da ido ke kallo shi ne ɗan abin da ake ɗaurawa a zare ya yi iyo a saman ruwa, ko totuwar karan dawa ce, ko gashin tsuntsu, ko guntun tsohon silifa. Nan ne gwaninta take, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Idan abin iyon ya yi girma, kifi yakan ji turjiya da zarar ya ja koto, sai ya tofar. Idan kuwa aka daidaita shi da 'yar dalmar da ke ƙasa, ta yadda ɗan kansa kaɗai ya rage a waje, ko numfashin kifi a kusa da ƙugiya sai ya motsa shi. Ana yin wannan daidaitawa ne tun a gida cikin bokitin ruwa, ana rage dalma ko ƙara ta kaɗan-kaɗan. Siriri mai tsawo ya fi mulmulalle nuna ci, saboda ruwan da zai ture kafin ya nutse kaɗan ne. Zaren da kaurinsa bai wuce milimita 0.25 ba ya ishi karfasa, tarwaɗa babba kuwa tana bukatar 0.40 zuwa sama, kuma a kowane hali ya kamata guntun da ke riƙe da ƙugiya ya fi sauran zaren siranta kaɗan, domin idan ƙugiya ta maƙale a saiwa, shi kaɗai zai tsinke. Tsage, mai haƙora kamar ƙusoshi, yana datse nailan da cizo guda, saboda haka sai an sa masa ɗan siririn waya a gaban ƙugiya, kuma silin wayar birkin babur da aka warware yana biyan wannan bukata.

Laushin kan sanda yana da wani aiki da ya fi ji muhimmanci, wato shanye fizgar kifi. Sandar da ta lanƙwasa tana raba ƙarfin fizga a tsawon jikinta, ta hana siririn zare tsinkewa, ta kuma hana ƙugiya yage leɓen kifi. Shi ya sa ba a ɗaure zare a tsinin sanda kaɗai a tsaya nan. Ana nannaɗo shi ne daga tsinin zuwa ƙasa har ya wuce mahaɗa a ƙulle shi a jikin gindi, ta yadda ko kan ya karye, kifin bai tafi da zare ba.

Riƙo da tsawo

Sanda doguwa tana kai koto bayan ciyawar gaɓa, amma kowane kamu da aka ƙara mata yana ƙara nauyin da wuyan hannu ke ɗauka, domin abin da ke gajiyar da mai riƙo ba nauyin sandar a ma'auni ba ne, a'a, nisan da nauyin ya yi ne daga hannunsa. Sanduna biyu masu nauyi ɗaya, wadda nauyinta ya taru a gindi za a yini da ita, wadda kuwa ya taru a kai ba za a kai azahar ba. Maganin abin shi ne a bar tsawon kamu guda na gindin a bayan hannu ya jingina da damtse, idan kuma har yanzu kan yana rinjaya, a cusa ɗan ƙarfe ko dalma a ramin gindin. Mita 3 zuwa 4 ta wadatar a yawancin tafkuna, kuma wanda ke cikin kwalekwale ba ya bukatar ko hakan. Wurin riƙo ana naɗe shi da robar da aka yanko daga tsohon tiyub na keke, ko da igiyar kaba, saboda gora mai santsi, idan ta haɗu da gumi da yauƙin tarwaɗa, tana tilasta wa hannu damƙa da ƙarfi, kuma hannun da ya damƙe ba ya jin komai.

Akwai kuma wata fa'ida ta tsawo da ba ta shafi kamu ba. Ruwan da ke kwance a fadamu da gefen tafkuna shi ne matattarar ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ke shiga ta fatar duk wanda ya tsaya a ciki, kuma yara ne suka fi kamuwa. Sandar da za ta bar yaro a kan busasshiyar gaɓa alhali kotonsa yana inda kifi yake ta yi masa abin da ya fi kifin daraja, balle a bakin babban kogi inda kada da dorina ba labari ba ne.

Kasuwa

Sandunan waje suna isowa yankin ne ta hanyar da sauran kaya ke bi, daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Parakou da Malanville, wadda kasuwarta ke fuskantar Gaya a tsallaken kogi, ko kuma daga Nijeriya ta Kamba. Wannan hanya ba ta da tabbas: Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, har jama'a da kaya suka koma tsallakawa da jiragen ruwa. Duk abin da sai an kawo shi daga nesa, farashinsa da samuwarsa suna hawa da sauka tare da irin waɗannan al'amura, ga kuma canjin naira da sefa. Wannan kaɗai ya isa ya sa a auna darajar sanda da wani ma'auni ban da kuɗin da aka biya ranar saye, wato a tambaya: idan ta lalace, wa zai gyara ta, kuma da me?

Mafi yawan abin da ake samu da araha shi ne sandar zaren gilashi mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, wani lokaci haɗe da ɗan injin naɗe zare na roba. Tana da daɗin ɗauka a kan babur, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce ga wanda zai taso daga Bana zuwa bakin kogi. Amma yashi yana shiga mahaɗanta ya goge su har su saki ko su cije, zobban da zare ke bi ta ciki sukan yi tsatsa ko su tsage su riƙa cin zaren a ɓoye, haƙoran injin kuma ba sa jure tarwaɗa mai nauyi, kuma araha, in ji Hausawa, ba ta ado. Wanda ya ƙudura saye ya kamata ya buɗe ta gaba ɗaya a gaban mai kaya, ya duba miƙewarta da ido ɗaya, ya lanƙwasa ta a hankali yana sauraron ƙara, ya kuma zura ɗan ƙyalle ko auduga cikin kowane zobe, domin zoben da ya tsage sai ya kama zaren audugar. Sandar kabon ta fi ta gilashi rashin nauyi da saurin ji, amma tana da gautsi, bugu ɗaya a gefen jirgi yana iya yi mata lahanin da ba zai bayyana ba sai ranar da babban kifi ya kama, kuma tana ɗaukar wutar lantarki, don haka haɗari ce a ƙarƙashin wayoyin wuta da lokacin tsawa. Inda sandar waje mai inji ta zama dole shi ne neman giwan ruwa a zurfin kogi, domin kifi ne da ke iya haura kilo 100, wanda idan ya ji ƙugiya yakan yi gudun da babu gorar da za ta tsayar da shi sai an sakar masa zare mai yawa.

Ban da wannan, ɗan kuɗin da mai fatsa yake da shi ya fi amfani idan ya tafi ga ƙugiya da zare. Ƙugiya ita kaɗai ce ke taɓa kifi, kuma bambancin mai kyau da marar kyau yana bayyana ne a tsininta da kuma ko za ta miƙe idan aka ja ta. Kafin zuwan ta kanti maƙeran gida ne ke ƙera ta, daga baya ƙugiyoyin kamfanin Mustad na ƙasar Norway, wanda ya fara ƙera su a 1877, suka bazu a kasuwannin masunta na Afirka ta Yamma. Lambobin ƙugiya a juye suke tafiya, wato mai lamba 12 ta fi mai lamba 6 ƙanƙanta, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne sa babbar ƙugiya da fatan babban kifi, alhali ƙaramar ƙugiya mai ƙarfi tana kama babba da matsakaici, babba kuwa ba ta shiga bakin karfasa. Ana gwada kaifinta a kan farce: idan ta zame, sai a wasa ta da dutse mai laushi. Nailan kuma rana tana cinye ƙarfinsa, saboda haka wanda ya daɗe a shanye a rumfar mai kaya ya riga ya tsufa tun ba a jiƙa shi ba, kuma ƙulli, wanda shi ne wuri mafi rauni a zare, ana jiƙa shi da yawu kafin a tsuke don kada zafin gogayya ya ƙona shi.

Dokar kamun kifi da Nijar ta kafa a watan Disambar 1998 ta haramta su da guba da abubuwa masu fashewa, kuma ma'aikatan ruwa da daji ne aka ɗora wa sa ido a kan aiwatar da ita. Fatsa ba ta cikin makaman da ke share ruwa, domin kifi ɗaya take ɗauka a lokaci guda, kuma mai ita yana da zaɓin da mai taru ba shi da shi, wato ya cire ƙaramin kifi ya mayar da shi da ransa, musamman a tafkunan dallol da ba sa samun sabon iri sai shekarar da ruwa ya haɗa su da kogi. Ga mai kamun karfasa da tarwaɗa a irin waɗannan tafkuna, gora mai shekara uku da kan geza, da sabon zare da ƙugiya mai kaifi, ta fi sandar kanti mai araha kamu, ta kuma fi ta daɗewa.